Gaurayen da Gwaggo Ba Ta Yi Ba

Wurin Gwaggo aka kai ni yaye, a Rawayau, ban kuwa bar hannunta ba sai da aka zo neman yaran da za a sa makarantar boko aka haɗa da ni. Yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, 'ya'yanta mata biyu duk an kai su aure wajen Kurfi, saboda haka gidan daga ita sai ni sai gorunanta. In na ce goruna ba ina nufin biyu ko uku ba. Rufin ɗakinta kaf rataye yake da su, manya da ƙanana, kowane an toshe bakinsa da tsumma an shafe da laka, har dogon mutum ba ya miƙewa a ciki bai yi karo ba. Iri ne a cikinsu, an cuɗa shi da toka saboda ƙwari: farin wake, jan wake, wani ɗan ƙaramin wake mai nuna da wuri, kuɓewa doguwa da gajera, yakuwa, riɗi, gujiya, kabewa. Ba ta yi wa gora ko ɗaya alama ba, amma ko ido rufe aka ce ta ɗauko jan wake hannunta ba ya kuskure.

Ba ta sayar da iri. In bazara ta yi, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai mata su yi ta sallama, na cikin gari da na ƙauyukan kewaye, har daga Ɗantutture. Kowace ta ƙulla mata a tsumma, ta gaya mata inda zai fi so a gona da lokacin da zai nuna, kuma yadda ta faɗa haka yake zuwa. Ba a kai amarya ɗakin miji a unguwarmu ba tare da an zo an karɓi ƙullin iri daga hannunta an sa cikin kayan ɗaki ba. Ba ta da shanu, ba ta da ɗa namiji, ba ta da kowa a fada. Abin da take da shi a garin nan shi ne in ta ce iri kaza ne, to shi ne.

Kafin a cire wake takan shiga gayaunarta, 'yar gonar da ke bayan gida, ta bi tushe-tushe tana ɗaura zare a jikin waɗanda suka yi mata. Waɗannan ne na iri, daban ake cire su, daban ake sussuka su, a tabarma daban. Sau ɗaya ta taɓa dukana a rayuwa, ranar da na jefa 'yan ƙwayoyin jan wake cikin goran fari don in ga ko za ta gane. Ta gane. Ta juye goran a faifai ta tsince su ɗaya-ɗaya, sannan ta nemo tsumagiya.

Na yi makaranta, na wuce makarantar koyon aikin gona, aka yi mulkin kai, ba a daɗe ba aka turo ni Dutsin-Ma a matsayin ƙaramin malamin gona. Aka ba ni kaki da keke da littafin rubuta abin da na gani a fili. Fensir ba ya barin bayan kunnena ko masallaci za ni. In na waiwayi yaron nan yanzu sai in ji kamar in kira shi gefe in ja masa kunne, don kansa ya fi hularsa girma.

Duk wata nakan hau keke in je gaishe ta. Ita kuwa ba ta taɓa ɗaukar aikina da muhimmanci ba.

"Malam na gwamnati," haka take ce mini, "wai mi kuke nomawa a gidan gonar nan naku? An ce mini igiya kuke ja kuna kafa turaku, kamar masu ɗaurin awaki."

"Gwaji muke yi, Gwaggo."

"To, ku yi ta gwaji. Ranar da kunka gwada kunka samu wanda ya kai ɗan wakena, ka kawo in gani."

Wasa take yi, irin na uwa da ɗa. Ni ne ban ɗauke shi wasa ba, ya zauna mini a ƙirji.

A lokacin ba wanda ya san waken suya a ƙasarmu sai mu 'yan gidan gona. Iri biyu muke shukawa a filin gwaji. Ɗaya gajere ne mai sauri, yakan nuna tun ruwa bai ɗauke ba, amma 'ya'yansa ba su taka kara sun karya ba. Ɗayan dogo ne, mai ɗaukar kaya har ya sunkuya, sai dai na ƙasar da damina ke daɗewa ne. A wurinmu yana cikin cika kwanso ruwa zai tsaya, rabinsa ya tashi fanko. Abin da ake nema shi ne wanda zai ɗauko saurin wannan ya haɗa da yawan wancan. Can a babbar tashar bincike aka aurar da su. Aiki ne na haƙuri, don furen bai fi ƙwayar dawa girma ba, da ɗan hantsaki ake buɗe shi a sa masa garin furen ɗayan. Gajeren ne uwa, dogon ne uba. Babban malaminmu, wani dattijo mai tabarau da ba ya ɗaga murya, shi ya kawo 'ya'yan da aka samu cikin ambulan, muka shuka su layi uku tsakanin layin uwa da layin uba.

Ban taɓa ganin shuka mai kyau irin wannan ba. Tsayinsu ɗaya kamar an yi musu aski, furensu ɗaya, suka nuna kusan tare da uwar, kwanso kuwa tun daga gindi har kai. Leburori ma in sun zo wucewa sai sun tsaya. Ni kam na riga na gama yanke hukunci, an samu abin da ake nema.

Dattijon ya ga yadda nake zagaya layukan nan, ya kira ni. "Malam, kada 'ya'yan fari su ruɗe ka," ya ce. "Kowane ɗayansu yana ɗauke da uwa da uba a ciki, ba su rabu ba tukuna. Jikoki ne za su tona. Wani zai koma uwa, wani ya koma uba, wani ya kwaso munin kowa. Sai mun yi shekaru muna zaɓe muna zubarwa kafin iri ya tsaya. Kafin nan ƙwaya ɗaya kada ta fita filin nan."

Na ce to. Ba ma sabon abu ya gaya mini ba. An koya mana shi a makaranta, an zana a allo, na haddace, na ci jarrabawa a kansa. Amma abin allo daban, abin da idona ke gani daban. Ni da na tashi a ɗakin da jan wake ke haifar jan wake tun kakannin kakanni, can ƙasan zuciyata ban yarda shuka mai kyau haka za ta haifi wani abu ba ita ba. Na ɗauka tsoro ne irin na tsofaffin ma'aikata.

Da kaka aka raba wa ma'aikata ragowar waken uwa da uba da aka gama aunawa. Yawanci ba su san yadda za su yi da shi ba, don ko kwana ya yi a wuta ba ya laushi kamar wakenmu. Wani abokin aikina mutumin kudu ya ce matan garinsu daddawa suke yi da shi. Gwaggo kuwa gwanar daddawa ce, kullum kukanta kalwa na ƙarewa tun shekara ba ta zagayo ba. Na kai mata mudu guda. Ta soya, ta surfa, ta dafa shi kaf, ta rufe da ganye, bayan kwana uku warin ya cika gida. Ta kaɗa miyar kuka da ita ta aika wa maƙwabta. Kafin in sake zuwa mata sun fara tambayarta irin wannan wake.

"Ka samo mini na shukawa," ta ce. "Amma mai nuna da wuri, ka san ruwanmu."

Nan ne hanya ta rabu biyu, kuma ina gani na bar mai kyau. Da na roƙi dattijon irin uwar, gajeren nan mai sauri, da ya ba ni da hannunsa, don tsayayyen iri ne, abin da ka shuka shi za ka cire. Sai dai ba shi da abin nunawa. Ni kuwa so nake in ajiye wa Gwaggo abin da zai sa ta riƙe baki. A filin gwaji ba a lissafa tushen da ke bakin layi, saboda sun fi na tsakiya samun iska da sarari. Daban ake cire su a ajiye a sito. Na gaya wa kaina ai waɗannan ba sa cikin littafi, ba wanda zai neme su. Na sussuka na bakin layukan nan uku na 'ya'yan fari, na samu kamar rabin hula, na zuba a aljihun kaki.

Har yau ina jin muryata ranar da na juye mata shi a faifai. "Gwaggo, ga wanda kika ce in kawo. Ya gaji uwarsa a sauri, ya gaji ubansa a yawa. Rana ɗaya zai nuna, gaba ɗaya, kafin ruwa ya ɗauke."

Ta ɗebo ta duba a hasken ƙofa, ta ciza ƙwaya ɗaya. "Ka gani da idonka?"

"Da idona."

"Iri ɗaya ne?"

"Iri ɗaya ne."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta nemo sabon gora ta wanke ta shanya, ta zuba shi da toka, ta rataye kusa da na ɗan wakenta. Na koma Dutsin-Ma ina taka keke kamar an naɗa ni sarauta.

Da bazara ta ƙulla wa mata bakwai ko takwas, kowace ɗan cikin tafin hannu, ta rage nata. Abin da na faɗa mata shi ta faɗa musu, kalma da kalma, sai dai ba ta ce in ji wane ba. Ba ta saba jingina magana ga wani ba, in ta ba da iri ita ce ta ba da. Wasu suka cire ɗan waken da suka saba sawa a gefen gona suka sa wannan. Akwai amarya guda da aka kai Ɗantutture da shi a cikin kayanta.

A wannan daminar mu ma muka shuka jikokin a filin gwaji, kowane tushe da layinsa. Tun suna ƙanana na fara shan jinin jikina, don tsayin bai zo ɗaya ba. Da suka yi fure sai ga fari ga shuɗi a layi guda. Wasu sun fara kwanso, na kusa da su ko alamar fure babu, sai ganye suke ta yi. Duk abin da dattijon ya faɗa sai da ya fito, ba ragi. Ina tsaye da littafi ina rubutawa, zuciyata tana Rawayau. Na san abin da ke gabana shi ne ke gayaunar Gwaggo da gonakin matan nan.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In hau keke in je in ce mata na yi kuskure, ta gaya wa mata tun da sauran lokaci su shuka wake a tsakani. Tafiyar yini ɗaya ce, zuwa da dawowa. Ban je ba. Wata biyu cur ban taka Rawayau ba, ni da ba na tsallake wata. Na ce aiki ya yi yawa, na ce hanya ta yi laka, na ce wataƙila nata ya fi namu daidaituwa. Tsoro ne kawai, da rashin son a ga kasawata.

Ranar wata kasuwar Dutsin-Ma wani Alhaji mai sayen hatsi, mutumin Kurfi, ya biyo ta gidan gona ya ce tsohuwata ta ce in zo in ga wake. Iyakar saƙon ke nan.

Na isa da hantsi. Ruwa ya yi kwana goma da ɗaukewa, ƙasa ta fara tauri. Tun daga nesa na hango mutane a bayan gidan, sai na rage gudun keke. Mai unguwa na nan da sandarsa, da magidanta huɗu ko biyar waɗanda matansu suka karɓi irin, da wasu tsofaffin mata. Gwaggo na tsaye a gefe ta riƙe ƙugu. Gayaunar kuwa ba kyan gani. Wasu tushen sun bushe tuntuni, kwanson ya tsage ya watsar da 'ya'ya a ƙasa, kaji sun gama da su. Wasu kore shar, dogaye, sun kwanta a kan na kusa da su, kwanson duk fanko. Nan da can akwai masu kyau, amma ba ranar da mutum zai ce yau zan cire wakena. Duk wanda ya san gona, kallo ɗaya zai yi ya ce an zuba iri uku ko huɗu a ƙwarya ɗaya an shuka.

Aka gaisa. Mai unguwa mutum ne mai sauƙin kai, ba da faɗa ya zo ba. "Malam, mun gode da ka taho," ya ce. "Wanga abu ne ya ɗaure muna kai. Duk inda anka shuka shi haka ya yi. Tsohuwa ta ce daga wurinku ya hito. Shin haka irin gwamnati yake? In haka ne sai in tumɓuke 'yan tushe in kai wa babbanku ya gani, kada a ba wasu."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ni kuwa abin da na gani shi ne mai unguwa tsaye a ofis da jikokin gwajinmu a hannu, dattijon yana cire tabarau yana dubana. Na ga kakin, na ga keken, na ga auren da aka sa mini rana bayan kaka. Ban daɗe ina tunani ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na sunkuya na tsinko ganye na jujjuya shi kamar mai bincike, na cire fensir daga bayan kunne na mayar.

"Ranka ya daɗe, irin gidan gona ba ya haka," na ce. "Wannan gauraye ne. An gauraya shi."

Ban ce wa ya gauraya ba, ba kuwa sai na faɗa ba. Hannu biyu kaɗai irin nan ya bi, nawa da nata, ga shi mai kaki ya wanke nasa. Duk aka juya aka dube ta.

Ni ban iya dubanta ba, ƙafafunta na kalla. Ta san gora ɗaya ta wanke, ta san abu ɗaya na juye mata a faifai, ta san ta tambaye ni na ce iri ɗaya ne. Kalma uku za ta faɗa ta gama da ni, kuma ba wanda zai yi musu da ita a garin nan. Sai na ji ta yi 'yar dariya.

"Yaron ya yi gaskiya," ta ce. "Ƙulli uku ya kawo mini, ya ce kada in haɗa. Ni ce na mance na juye su wuri guda. Tsuhwa ce, ido ya fara tahiya. Ku yi haƙuri, ku ba matanku haƙuri."

Ƙulli uku. Ni ban ma yi dabarar ƙirƙiro wannan ba, ita ta ƙarasa mini ƙaryata ta ɗinke ta yadda ba za ta ɓarke ba. Wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah, yau ke ce da gauraye?" Mai unguwa ya ce ba komai, kowa na kuskure, ba sai an je Dutsin-Ma ba ke nan. Har ya yi mini godiya da na warware musu matsala. Na amsa godiyar.

Da aka watse ta shiga gida ta dama mini fura kamar kullum. Ta tambayi aiki, ta tambayi gidan surukaina. Na zauna ƙarƙashin gorunan nan ina sha. Na jira ta yi mini faɗa, ko ta nemo tsumagiya ma da na ji sanyi. Ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Kafin la'asar na kama hanya.

Asarar wake ba wata mai yawa ba ce, 'yan gefen gona ne. Ba wanda ya kwana da yunwa saboda ita. Abin da ya tafi shi ne abu ɗayan da take da shi. Bazarar da ta biyo, matan da suka yi sallama ba su kai rabin na da ba. Waɗanda suka zo ma sai ka ga mace ta kwance ƙullin a gabanta tana tonawa da yatsa, abin da ba a taɓa yi ba. Wata ta ce mata cikin raha, "Inna, kin dai duba da kyau ko?" Dangin amaryar Ɗantutture suka yi ta yawo da labarin. Ana nan sai ya zama abin faɗa a garin, in an ga hatsi ya cakuɗe ko awaki sun shiga cikin tumaki sai a ce irin tsohuwa ke nan. Da kunnena na ji wani ya faɗa a bakin rijiya, bai san ko ni wane ne ba. Aka ci gaba da zuwa karɓar ƙullin amare na ɗan lokaci don kara, daga baya aka riƙa mantawa.

Ni kuwa a shekarar aka yaba mini. Dattijon ya ɗauki littafina ya nuna wa sauran ma'aikata, ya ce dubi yadda Malam ya bi jikokin nan tushe-tushe, wanda ya yi fure da wuri, wanda ya makara, ba abin da ya tsallake. Yaya ba zan bi su ba, alhali kowane tushe na duba ina ganin ɗan'uwansa a Rawayau? Muka ci gaba da zaɓe shekara bayan shekara. Muka gane sauri yana bin jini sosai, in ka zaɓi mai nuna da wuri yawancin 'ya'yansa da wuri za su nuna. Yawan 'ya'ya kuwa ba ya da alƙawari, tushen da ya cika bana sai 'ya'yansa su ba ka kunya baɗi. Na yi aure, aka yi mini ƙarin girma, aka haifa mini ɗa. Ina zuwa gaishe ta da goro da turmin atamfa, mu yi hirar komai ban da abu ɗaya.

A damina ta huɗu bayan abin, na je na tarar ba ta cikin gida, aka ce tana gayauna. Na zagaya. Ta ƙara tsufa, tana dogara sanda, ga zare a hannunta. A ƙuryar gonar, inda ba a hangowa daga hanya, sai ga waken suya, wajen taki goma. Tsayinsa ɗaya, ya yi rawaya gaba ɗaya, saura kwanaki a cire, ruwa kuwa bai ɗauke ba tukuna. Na tsaya baki buɗe. Namu na gidan gona bai fi wannan daidaituwa ba.

"Na wancan ne," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ban zubar ba. Kowace shekara ina ɗaure masu saurin da sunka yi 'ya'ya, in bar sauran. Saurin ba shi da wuya, shina bin uwa. Yawan ne mai taurin kai, wata shekara ya zo, wata shekara ya ƙi. Amma ya kusa tsayawa."

Abin da muka cika littafi uku muna rubutawa ke nan. Na tambaye ta ko ta ba wani. Ta ce wa zai karɓa? Daddawarta take yi da shi.

Nan abin ya ci ƙarfina. Na durƙusa a cikin gonar, kakin da komai, na ce, "Gwaggo, ba ki gauraya ba. Ni ne. An hana ni fitar da shi, an gaya mini zai rarrabu, na ɗauko na kawo miki don ki yaba mini. Na gani tun yana fure ban zo ba. Na tsaya gaban mutane na ɗora miki."

"Na sani," ta ce. Ta gama ɗaure zaren da ke hannunta. "Tashi, kana ɓata wando."

Na ce ba zan tashi ba sai ta yarda ranar Juma'a in tsaya a ƙofar mai unguwa bayan an sauko, in faɗa wa kowa yadda aka yi. Na ce in kawo su su ga wannan waken da idonsu. Da gaske nake lokacin da nake faɗa, har hawaye na yi. Ta dube ni, irin duban da take yi wa ƙwaya a hasken ƙofa.

"In ka hwaɗi, magana za ta kai Dutsin-Ma," ta ce. "Kana da mata, kana da ɗa. Ni mi ya rage mini? Bari, ɗan nan. Na yahe maka."

Shekara huɗu tana ɗauke da sunan da ba nata ba, a garin da za a binne ta. Hanya ɗaya ce ta rage a wanke ta, kuma a bakina take. Ba umarni ta ba ni ba, ƙofa ta buɗe mini ta tsaya ta ga ko zan bi. Da na ce a'a sau ɗaya, da na ce Gwaggo wannan karon ba zan ji maganarki ba, na tabbata ba za ta hana ni ba. Amma abin da na ji a ƙirjina lokacin da ta ce bari, ba baƙin ciki ba ne. Sanyi na ji, irin na wanda aka sauke wa kaya. Satar irin da ƙaryar gaban mai unguwa ina iya cewa ƙuruciya ce da firgita. Wannan sanyin ba ni da abin da zan kare shi da shi, don lokacin na girma, na kuma san abin da nake yi.

Ta rasu bayan damina biyu. Mai unguwa da magidantan da suka tsaya a gonar nan duk sun bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowanensu ya tafi da sanin cewa tsohuwa ta gauraya iri. Ranar nan kuwa da na durƙusa a gayaunarta, ko jan numfashi ban yi ba kafin in amsa mata. Na ce, "To, Gwaggo," na tashi na kakkaɓe gwiwata.